Sista Rabi Ba Ta Jin Raɗa

Shekara tara ke nan, a wannan watan, da Allah Ya yi wa matata Hajiya Rabi rasuwa. Na ce Hajiya Rabi ne don masu karatu na nesa; a Badarawa, unguwarmu a Kaduna, ba wanda ya san ta da wani suna in ba Sista ba. Ni kaina da na biya sadakinta, na zauna da ita shekara arba'in da ɗoriya, ba ni da suna a unguwar nan sai Mijin Sista. Lissafi na koyar a sakandare har na yi ritaya, amma har gobe in ka tsaya a bakin titi ka tambayi gidan Malam Garba, sai a yi ta kallon juna. Ka ce gidan Sista, mai rake ma zai nuna maka da wuƙarsa. Tun ina jin haushi har na dawo ina amsawa da fara'a.

Kowace shekara in watan ya kama, mukan taru da 'ya'ya da jikoki a yi mata addu'a, a ci waina, a yi ta ba da labarinta ana dariya har wani ya fara share ido, sannan a watse. Bana na ga sai na rubuta, domin a 'yan watannin nan baiwar Allahn nan ta tsoma baki a wata magana ta gidana, alhali tana kwance a maƙabarta.

Maganar ta jikarmu ce, 'yar babban ɗanmu, wadda aka sa wa sunan marigayiyar, shi ya sa muke kiranta Ummi. Tun da kakarta ta rasu aka dawo da ita wurina. Ita ke kula da cina da shana, ita ke auna mini jini, ita ke ɓoye gishiri. Ina kiranta amarya, tana kirana tsoho mai rowa. Ta bi sawun kakarta ta karanci aikin jinya, ta karɓi lasisinta shekara uku ke nan, kuma tun daga lokacin tana wani ɗan kemis a Rafin Guza tana miƙa maganin zazzaɓi da na tari. Sau biyu tana neman aikin gwamnati, ko kira ba a yi mata ba. Da aka sanar da ɗaukar ma'aikatan jinya a bana, sai ta ce mini wannan ne na ƙarshe: in bai yiwu ba, za ta karɓi aikin da kawunta ya samo mata a wani asibitin kuɗi a Legas. Na yi dariya na ce ta tafi mana, in huta da miya lami. A zuciya kuwa ba dariya nake ba. Na haura saba'in da biyar, kuma gidan nan ya yi wa mutum ɗaya faɗi.

Ba ita kaɗai ta nema ba. Tana da ƙawa, Rahila, 'yar Kurmin Mashi, tare suka yi makaranta. Mahaifinta kafinta ne, ya rasu tana shekarar ƙarshe, mahaifiyarta na koyarwa a firamare, ga ƙanne a bayanta. Ranar Lahadi in Rahila ta taso daga coci nan take zarcewa, su baje littattafai a baranda, ɗaya na tambaya ɗaya na amsawa, ni kuma a mai da ni majinyaci. An naɗe mini hannu da bandeji ya fi a ƙirga, har suman ƙarya an sa na yi. Su biyun suka ci jarrabawar farko, aka kira su intabiyu. A wannan barandar dai kakar Ummi ta yi abin da ya sa ake tunawa da ita, amma sai na fara da kunnenta.

Sista tana ƙarama a Zariya ta yi ciwon sanƙarau. Ta tashi, amma kunnenta na hagu ya tafi da ciwon. Wanda ya taɓa zama da mai irin wannan lalura ya san abu biyu: ba ya jin magana ƙasa-ƙasa, kuma bai san ƙarfin muryarsa ba. Ranar da na je zance na farko, na shirya kalamaina tun daga Kaduna, na sassauta murya yadda samari ke yi, na faɗi abin da ke raina. Ta ce, “Na'am?” Na sake. Ta ce, “Malam, ɗaga murya.” Na ɗaga. Sai ta buɗe muryar nan tata ta ce, “Ka ce kana sona da aure?” Daga tsakar gida mahaifinta, da ke alwala, ya amsa, “Mun ji, a turo manya.” Ban taɓa jin an gama neman aure da sauri haka ba.

Wannan maimaitawar ba kunne kaɗai ya jawo ta ba, aikinta ya ƙara mata. An koya musu cewa in likita ya faɗi magani da baki, nas ta maimaita abin da ta ji da ƙarfi, sunan maganin da yawansa da wanda za a ba, kafin ta taɓa sirinji. Sista ta ɗauko ɗabi'ar nan ta kawo gida ta shimfiɗa. In na ce zan dawo bayan La'asar, sai ta ce, “Ka ce bayan La'asar?” don kada in zo daga baya in ce Magariba na ce.

Da ta zama shugabar ma'aikatan jinya a asibitin da take, sai aka fara sa ta a kwamitin da ke tantance sababbin ma'aikata. A nan na gane cewa ɗaukar aiki ma yana da lokacinsa, kamar mangwaro. Da zarar an sanar, sai gidanmu ya cika da masu zumunci. Mutanen da rabonmu da su tun sunan ɗanmu na fari sai ga su sun zo “gaisuwa kawai”. Wani ya tuna kakarsa da kakata sun taɓa zama gida ɗaya a Funtuwa. Wata ta zo duba jikin Sista, alhali Sista ko mura ba ta yi. Kowa ya san kamun ƙafa aka zo yi, kuma kowa ya san ba a korar mai gaisuwa. Ita ma ba ta taɓa korar kowa ba. Kujeru biyu kawai take fitarwa baranda, ta ce ɗaki da zafi.

Barandarmu kuwa titi take kallo. Ga teburin mai shayi a tsallake, ga shagon tela a jikin katangarmu, ga famfon da matan layi ke ɗibar ruwa. Kamun ƙafa kuma da raɗa ake yinsa. An gaisa, an tambayi yara, an tambayi aiki, an tambayi zafi, sai baƙo ya ja kujera ya matso, ya waiga hagu da dama, ya sunkuyar da kai. Daga nan ni da nake leƙe ta taga sai in gyara zama.

Ba na manta wani ɗan kwangila da ya zo da mota mai baƙin gilashi, babbar rigarsa na ta ƙamshi. Ya matso ya yi ƙus-ƙus ɗinsa.

“Na'am, Alhaji?”

Ya ƙara matsowa, ya ɗan ɗaga.

“Wallahi Alhaji, kunnen nan sai haƙuri. Ɗaga sosai.”

Ya ɗaga har tela ya tsayar da kekensa. Sai Sista ta gyaɗa kai, ta saki murya yadda take yi a ɗakin marasa lafiya: “To, bari in maimaita, kada in yi maka kuskure. Ka ce 'yar ƙanwar matarka ce, ba ta ci jarrabawar ba, amma a duba a saka ta, kai kuma ba za ka manta da ni ba. Haka ne?”

Mai shayi ya tsaya da buta a sama. Matan famfo suka bar bokiti ya cika yana zuba. Alhaji ya ce a'a, ba haka yake nufi ba, shi dai addu'a ya zo nema wa yarinyar. Sista ta ce ai wannan mai sauƙi ne, ta ɗaga hannu ta yi addu'a mai tsawo, Allah Ya ba yarinya ilimi mai amfani, Ya sa ta ci a karo na gaba, duk layin aka shafa. Yana shiga mota ta bi shi da kira, “Alhaji, direbanka ya manta buhun shinkafa a ƙofar kicin!” Da hannunsa ya taya direban ɗauka.

Da labari ya bazu cewa ba a samun kan Sista, sai aka koma neman kan mijinta. A masallaci, a wurin ɗaurin aure, har a ɗakin malamai, sai a ja ni gefe: “Malam, ai kai ne maigida, ka sa baki.” Ina amsawa da to, Allah Ya sa a dace, in bar maganar a nan. Sau ɗaya ne abin ya fi ƙarfina, ranar da wana, Yaya Sale, wanda ya riƙe ni bayan rasuwar mahaifinmu, ya taso takanas daga Funtuwa saboda 'yarsa Binta. Shi ba a baranda aka sauke shi ba, wa ya isa. A falo ya zauna, ya ci abinci, sannan ya faɗi abin da ya kawo shi, kuma bai yi raɗa ba, don a ganinsa haƙƙinsa ya zo karɓa.

Sista ta durƙusa har ƙasa, yadda take yi masa kullum. Ta ce, “Yaya, na ji, kuma da kyau na ji. Binta 'yata ce. Ta zo ta zauna a nan, ni zan koya mata da kaina. Amma ranar da za ta shiga, zan gaya wa 'yan kwamiti 'yata ce, in fita in ba su wuri.” Yaya ya ce wato ita da take ciki fita za ta yi, alhali kowa hanyar shiga yake nema? Ta ce haka ne. Ya dube ni, na dubi silin.

Haka aka yi. Ranar intabiyu Sista ta fito ta zauna a benci tare da masu jiran layi har aka gama da Binta, kuma Binta ba ta samu ba. Sallah biyu Yaya bai amsa gaisuwata ba. Abin ya yi mini ciwo, na yi wa Sista fushi, irin fushin da ake yi ana cin tuwon wanda ake fushi da shi. Daga baya Binta da bakinta ta gaya wa mahaifinta cewa ita dama in ta ga jini jiri take ji, don shi kawai ta yi karatun. Yau shagunan atamfa gare ta, ita ta biya wa Yaya kujerar Makka. Ba kowane labari ne ya ƙare da daɗi haka ba. Akwai dangin da har Sista ta rasu ba su sake taka gidan nan ba.

A cikin fushin nan na tambaye ta me zai ragu a jikinta in ta yi wa mutum ɗaya alfarma. Ba ta yi mini wa'azi ba, ba halinta ba ne. Ta ce in biyo ta asibiti gobe. Ta kai ni ɗakin yara, ta nuna mini wata uwa riƙe da jaririn da gudawa ta tsotse, ana neman jijiyar da za a sa masa ruwa. Ta ce, “Malam, wadda za ta nemo jijiyar nan, ba uwar ce ta zaɓe ta ba, ni na zaɓa mata. In na zaɓo wadda ba ta iya ba don kawunta ya iya gaisuwa, yaron nan ne zai yi ta shan huda, kuma ba shi da bakin kai ƙarata.” Daga nan ta ce in tafi, ina tare musu hanya.

Waɗanda suka zauna da ita a kwamiti sun ce can ma haka take. Ba ta yarda a rubuta maki a ɓoye a tafi da shi wani ofis a “daidaita” ba. Mai nema na fita, kowane ɗan kwamiti ya faɗi makin da ya ba shi da baki, da dalili, ita kuma ta maimaita, wai saboda kunnenta. Kafin a tashi a haɗa jimla a gaban kowa, a liƙa a allon sanarwa, wanda ya samu da wanda bai samu ba. Takan ce wanda aka bari ma yana da haƙƙin ya san da nawa aka fi shi. Wannan hali bai sa an so ta a sama ba. An cire ta daga kwamitin ba sau ɗaya ba, an taɓa tura ta wani asibitin ƙauye da sai an tuɓe takalmi a tsallaka rafi, ƙarin girmanta na ƙarshe kuma ya yi ta ɓata a hanya har ta yi ritaya. Amma duk lokacin da aka yi wata ɗauka ta yi wari, mutane suka fara surutu, sai a aiko a ce Sista ta dawo.

Kada mai karatu ya ɗauka waliyyiya na aura. Tana da faɗa, ba ta iya ba da haƙuri da baki ba sai dai ta soya maka nama ta ajiye ta wuce, kuma ɗalibanta sun sha kuka a hannunta saboda zanin gadon da bai miƙe ba. Sannan akwai maganar kunnen nan, wadda har yau 'ya'yanta ke musu a kai. Likita ya tabbatar na hagun ya mutu, wannan ba shakka. Amma matar nan tana ɗaki, ƙofa a rufe, rediyo na yi, in na ɗaga murfin tukunya a kicin don in duba lafiyar nama, sai in ji, “Malam, a ƙirge yake!” Sai da muka yi shekaru masu yawa na lura da abin da take yi. A sauran watanni, kujerar baƙo a damanta take. Ana sanar da ɗaukar aiki sai kujerar ta koma hagu. Da na tambaye ta, sai ta ce, “Na'am?”

Nakan zauna in yi tunanin me za ta ce da ta ga yadda ake yi yanzu. Na san za ta ji daɗin wasu abubuwa. A waya Ummi ta cike takardun nema, ba ta je ta durƙusa wa kowa ba, jarrabawar farko kuma a kwamfuta suka yi, kwamfuta kuwa ba ta da 'yar ƙanwar mata. Amma raɗar ba ta mutu ba, waya ta koma ita ma. Yanzu ba sai an ja kujera an waiga ba, saƙo ake turawa, a karanta a goge. Ana maganar “gurbin wane” da “kason wane” sai ka ce rabon naman layya, yara masu hannu da ilimi kuma na tattara takardunsu suna barin gari, asibitoci na kukan ba ma'aikata. Ina jin da tana nan da ta ce idonta ne ya fara ba ta matsala, ta sa mai shayi ya riƙa karanta mata saƙonnin daga tsallaken titi.

To, ana gab da intabiyun su Ummi, wata Juma'a an sallame ana ta gaisawa a harabar masallaci, sai wani tsohon ɗalibina ya kamo hannuna. Ba zan faɗi sunansa ba. Mutumin kirki ne, yana kusa da manya, kuma har ga Allah don ƙauna ya yi. Ya ja ni gindin wata bishiya, ya waiga hagu da dama, ya sunkuyo. Na ga bakinsa na motsi, ban ji komai ba. Abin da ban gaya wa masu karatu ba shi ne, nawa kunnen ma ya daɗe da fara yajin aiki, Ummi na ta fama in je a duba ni ina ƙi. Na ce, “Na'am?” Ya sake. Na ce, “Ɗana, ɗaga murya.” Ya ɗaga. Ni kuma don in tabbatar, ba da niyyar komai ba, sai na ji bakina yana cewa, “Ka ce an ba maigidanka gurbi biyu, in turo maka sunan Ummi kafin Litinin?”

Ashe da ƙarfi na faɗa. Liman da ke wucewa ya waigo, masu sayar da turare da dabino suka waigo. Bawan Allah ya saki hannuna, ya ce, “Malam, sai mun yi waya,” ya nemi takalmansa. Na tsaya a wurin kunya ta rufe ni, sai kuma dariya ta ƙwace mini, na yi ta yi ni kaɗai har da hawaye, mutane na cewa tsohon nan lafiya kuwa. Shekara da shekaru ina yi wa matar nan tsiya a kan kunnenta, ashe ajiye mini ta yi.

Amma dariya ba ta kashe maganar ba. Da yamma saƙonsa ya shigo wayata, a rubuce, inda kunne ba shi da ta cewa: tayin na nan, suna da lambar jarrabawa kawai yake buƙata. Nan fa na san ban kai Sista ba. Na ce wa kaina ai yarinyar ta cancanta, ba jahila zan tura ba. Na ce ai gurbin nan ko na ƙi wani za a ba. Na ce kakarta ta yi wa jama'a bauta ba a saka mata da komai ba, in an yi wa jikarta alfarma ɗaya ai ba a biya ta ba. Duk hujjojin nan sun yi mini daɗin ji, kuma a ƙarƙashinsu akwai guda ɗaya da na ƙi faɗa ko wa kaina: ba na so a bar ni ni kaɗai.

Ranar Lahadi Rahila ta zo kamar kullum. Suna cikin karatu Ummi ta ɗaura mini abin awo, ta duba, ta ɓata fuska. “Tsoho, jininka ya hau. Gishirin wa ka sata, ko kuwa wata bazawara ce ta hana ka barci?” Na ce akwai maganar da nake so mu yi. Ta ce tana ji. Na dubi Rahila, ta sunkuya tana ja wa littafi layi da jan biro, sai na ce, “Bari sai an jima.” Ina rufe baki na ji abin da na yi. Jira nake yarinyar nan ta tafi. Yarinyar da ke cin tuwo kwano ɗaya da jikata, take kirana Baba, ita nake jira ta ba da baya kafin in iya buɗe baki, kuma a kan barandar Sista.

Bayan ta tafi na gaya wa Ummi komai, na miƙa mata wayar, domin rayuwarta ce. Ta karanta. Na ga tana so, don ba dutse ba ce, shekara uku a kemis ba wasa ba. Can ta ce, “Kaka, da ma ba ka nuna mini ba.” Ba ta kirana Kaka sai magana ta yi nauyi. Ta miƙo mini wayar, sannan ta ce, “In na shiga ta nan, kullum na sa farin kaya sai na tuna. Ka ce masa mun gode.” Na rubuta masa godiya, na sa masa albarka, na ce a bar yarinya ta gwada ƙarfinta. Ta tashi ta shiga kicin, ranar miyar har gishiri ta ji.

Sakamako ya fito bayan 'yan makonni. Ban san abin da ya faru a manyan ofisoshi ba, kuma ba zan rantse a kan abin da ban gani ba, amma zan yaba da abu ɗaya: an fitar da sunaye da makin kowa a fili, an ja layi a inda guraben suka ƙare. Ummi na ƙasan layin, ba da nisa ba. Ta yi kukanta, ni ma na shiga ɗaki na yi nawa. Sunan da ke kan layin daidai, na ƙarshe a cikin waɗanda aka ɗauka, na Rahila ne. Duk wanda ya zauna da 'yar kwamiti ya san in za a cusa wani suna, ba daga sama ake cire na wani ba. Daga ƙasa ake cirewa, inda 'ya'yan kafintoci suke.

Akan tambaye ni me Sista ta bari. Gidan nan ne, da fanshon da bai taka kara ya karya ba, da 'ya'ya biyar, da ɗaliban da ke tare ni a asibiti su ce in tsallake layi, ni kuma in ƙi don tsoron kada ta ji. Ba ta gyara ƙasa ba. Kamun ƙafa ya riga ta zuwa, ya raka ta maƙabarta ya dawo. Abin da ta bari bai wuce 'yan mutane ba, a gida da asibiti, waɗanda in magana ta zo musu sai sun tambayi kansu ko za ta faɗu a gaban kowa. Na ɗauka ni kallo kawai nake ta taga, ashe na kamu. Allah Ya jiƙan Rabi, Ya haskaka kabarinta, Ya sa aikinta ya bi ta. Ina kewarta, kuma ban taɓa jin kewar kamar bana ba.

Ummi za ta tafi Legas bayan Sallah, har an fara haɗa kaya. Na gaya mata ba na so, na kuma gaya mata ta tafi. Shekaranjiya da hantsi ina zaune sai ga Ummi da Rahila sun fito daga ɗaki suna dariya. Rahila ce sanye da farin yunifom sabo fil, Ummi ce ta goge mata shi, tana biye da ita tana gyara mata wuyan riga, tana cewa ta daina tafiya kamar agwagwa. Mahaifiyar Rahila ce ta ce kada ta kuskura ta fara aiki ba ta zo ta gaishe ni ba. Rahila ta durƙusa a gabana ta ce, “Baba, jibi zan fara. Babana ba ya nan, kai ne za ka sa mini albarka.”

Ba ta san komai ba, sai dai in ta karanta wannan. Na dube ta ido cikin ido, ban sunkuyar da kai ba, na yi ta sa mata albarka.